Malamin da Bai Taɓa Hawa Dutse Ba

Na ji labari Ƙungiyar Labarin Ƙasa za ta zauna cikin watan nan don ta yanke inda za a kai mu ziyarar bana, kuma wai mafi yawan jama'a sun karkata ga Ikko, kamar bara, kamar bara waccan. A je a ga tashar jiragen ruwa, a ga filin jirgin sama, a leƙa masaƙa ɗaya, a dawo da hotuna. Ni ban yarda da wannan shawara ba. Ina roƙon Edita ya ba ni fili in faɗi dalilina tun ba a ɗaga hannu ba, ko da yake dalilin nawa ya fara ne da abin kunya.

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, an ba ni aji biyar a wata makarantar firamare. Ran nan ina koya musu labarin duwatsu, na rubuta a allo da kyakkyawan rubutu cewa iyakar hawanka iyakar ƙaruwar sanyi. Yara suka maimaita sau uku. Sai wani ɗan ƙaramin yaro daga layin baya ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, wanda ya hau dutse ai ya matsa kusa da rana. Ƙaƙa zai ji sanyi?" Na dube shi, na dubi allo. Wallahi ba ni da amsa. Na san maganar littafi, na ci jarrabawa da ita, amma ban san dalilinta ba, kuma can cikin zuciyata ni ma ban gaskata ta ba. Sai na ɗaure fuska na ce masa, "Haka littafi ya ce, zauna." Ya zauna. Malamin da ya zo duba ni ya ba ni maki mai kyau saboda tsabtar allo da riƙon aji. Yaron kuwa bai sāke tambayata kome ba har na bar makarantar.

To, da hutun ƙarshen shekara ya zo, kawuna da ke ciniki a Duwala, babban birnin kasuwancin Kamaru, ya aiko mini da kuɗin jirgi in je in gaishe shi. Daga Ikko tafiyar ba ta kai sa'a biyu ba. Ya sauke ni a gidansa a unguwar New Bell, inda Hausawa suka daɗe da zama, har in kana tsakiyarta sai ka ce Sabon Gari ne na wani garin Kudu: ga masallaci, ga mai tsire, ga mai shayi, ga Hausa tana tashi ko'ina. Na kwana goma a birnin. Abin da na ƙaru da shi kaɗan ne. Duwala tana bakin kogin Wuri, wanda Turawan Fotugal suka shigo a 1472 suka tarar da jatan lande da yawa, suka sa masa sunan jatan landen da harshensu, daga nan sunan Kamaru ya samo asali. Ban da wannan, sai zafi mai naso, da cunkoson motoci, da 'yan acaɓa, da gine-gine, da tashar jiragen ruwa. Duk wanda ya san Ikko ya san Duwala, sai dai a can da Faransanci ake zaginka in ka tare hanya. Manyan birane 'yan uwa ɗaya ne, in ka ga biyu ka ga ɗari.

Wata safiya da gari ya washe, ɗan kawuna ya ja ni bakin gada ya nuna mini yamma. Na ga wani abu baƙi-baƙi ya tokare sama, na ɗauka hadari ne. Ya ce ai shi ne Dutsen Kamaru. Tsayinsa ya ɗara mita 4,000, watau ƙafa 13,000 da ɗoriya a lissafin tsofaffin littattafai, kuma daga bakin teku ya miƙe, ba tudu ba ne a kan tudu. Babu wanda ya kai shi tsawo a duk wannan sashe na Afirka. Nan take yaron nan na layin baya ya faɗo mini a rai.

Da na gaya wa kawu ina so in je, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Kai yaro, me ka ajiye a kan dutse? Uwarka ta ba ni amanarka, kuma ka san ƙasar can ba lafiya." Na ce, "Kawu, karatuna ne ke can." Sai da aka kwana biyu ana magana, ya yarda bisa sharaɗi uku: ɗansa ya raka ni, kada mu yi tafiyar dare, kada kuma Litinin ta same mu a hanya. Zan dawo kan wannan sharaɗi na uku, gama yana da nauyi.

Daga Duwala zuwa Buea, garin da ke gindin dutsen, wajen kilomita 70 ne. Muka ƙetare gadar Wuri, muka shiga mota a Bonaberi. Bayan kamar sa'a guda muka haye kogin Mungo, wanda dā shi ne iyaka tsakanin Kamarun Faransa da Kamarun Ingilishi. Kana hayewa allunan bakin hanya suka juye Ingilishi, mutane suka koma Turancin buroka irin wanda muke ji a kasuwannin nan. Wajen Tiko sai gonakin roba da ayaba da kwakwar manja, layi-layi, iyakar ganinka. Daga Mutengene hanya ta fara hawa. A nan ne na fara karatu. Na shiga motar nan rigata jiƙe da gumi, kafin mu kai tashar da suke kira Mil 17 iska mai sanyi ta fara shigowa ta taga, kunnuwana suka toshe kamar na nutse a ruwa. Cikin garin Buea, wanda ya kusa mita 1,000 bisa teku, mata na sanye da rigunan sanyi da tsakar rana. Ga kuwa rana tana nan inda take, ba ta rage kome ba.

Garin nan ya cancanci malami ya san shi. Mutanen wurin Bakweri ne. A 1891 Jamusawa suka hawo su ci garin, Bakweri a ƙarƙashin shugabansu Kuva Likenye suka kore su, har suka kashe babban hafsan da ya jawo yaƙin. Sai a 1894 Jamus ta ci su. A 1901 ta mayar da hedkwatar mulkinta daga Duwala zuwa nan, don gudun zafi da zazzaɓi, kuma gidan da Gwamna Puttkamer ya gina yana nan tsaye har yau. Gonakin nan da muka ratsa su ma Jamusawa suka fara su, a kan ƙasar da suka ƙwace daga Bakweri, gama ƙasar gindin dutse mai aman wuta baƙa ce mai albarka, abin da ka jefa ya tsiro. Bayan Yaƙin Duniya na Farko Ingilishi suka karɓi wannan yanki suka haɗa shi da mulkin Nijeriya, har wakilansa sun zauna majalisa a Inugu. Ranar 11 ga Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba-gardama: kudancin yankin ya zaɓi Kamaru, arewacinsa ya zaɓi Nijeriya ya zama Lardin Sardauna. Ashe kakanninmu da suka yi makaranta kafin 1960, a taswirar ƙasarsu suka ga dutsen nan. Duk wannan na taɓa haddace shi don jarrabawa na manta. Yanzu da na taka wurin, ko ina so ba ya fita.

Ba a hawa sai da ja-gora, kuma daidai ne. Namu wani Bakweri ne, ba ya da yawan magana, ya dubi takalmana ya girgiza kai. Muka tashi da asuba. Da fari gonakin gwaza da ayaba. Sa'an nan kurmi ya rufe mu, itatuwa dogaye, gansakuka ta lulluɓe rassansu tana ɗiga, ga wasu tsire-tsire masu ganye kamar gashin jimina sun yi tsawon mutum biyu. Ja-gora ya nuna mini wani itace da ake ɓare ɓawonsa a kai Turai a yi maganin ciwon mafitsara na tsofaffi. Muka huta a zango na ɗaya. Da muka wuce mita 2,000 da kaɗan, sai kurmin ya yanke, kamar an sa wuƙa. Muka fito fili, ciyawa tsirara da baƙaƙen duwatsu, tamkar an ɗauko dajin Arewa an kafa shi a tsaye. Na waiwaya, sai ga gajimare a ƙarƙashin ƙafafuna. Kai, jama'a! Mun zana wannan a allo sau nawa, ɗamara-ɗamara, kurmi a ƙasa, ciyawa a tsakiya, tsandauri a sama, muna shafa alli kore da rawaya? A yini ɗaya na ratsa abin da in a ƙasa ne sai na yi tafiya daga bakin teku har bakin hamada kafin in gan shi.

Daga nan hawan ya zama azaba. Dutsen ƙuna ne, mai kaifi, mai ramuka kamar soso, yana zamewa. In ka yi taku ashirin sai ka tsaya kana haki kamar wanda ya yi gudun mil guda. Muka kai zango na biyu, wajen mita 2,800, da la'asar sakaliya. A nan na ga abubuwa uku da suka ba ni amsar yaron nan. Ƙunshin biskit da na sayo a Duwala, ban buɗe shi ba, ya kumbura tim kamar zai fashe. Ruwan shayi ya tafasa da wuri, amma shinkafar da muka ɗora ta ƙi nuna, gama a wannan tsawo ruwa yana tafasa tun zafinsa bai wuce awo 91 ba, maimakon 100. Na uku, da rana tana sama fatar wuyana har ƙuna take, amma tana faɗuwa sanyi ya sauko kamar an zuba ƙanƙara, na sa riguna uku ina kaɗuwa.

Ga bayanin, ga wanda zai tsaya gaban aji gobe. Rana tana nesa da mu kilomita miliyan 150. Wanda ya hau kilomita 4 bai matsa kusa da ita ba, kamar mai niyyar Makka ne daga Ikko da bai gusa ko da taku ɗaya ba. Kuma hasken rana ba ya ɗumama iska sosai sa'ad da yake ratsa ta. Ƙasa yake ɗumamawa, ita kuma ƙasa ta ɗumama iskar da ke kwance a kanta, kamar yadda tukunya ke ɗumama ruwa daga gindi. Iskar ƙasa tana danne, gama duk iskar sama tana kanta. In ta tashi sama dannin ya ragu, sai ta buɗe, in ta buɗe kuwa sai ta huce, wajen awo 6 da rabi a kowace mita 1,000. Ƙarancin dannin nan shi ya kumbura biskit ɗina, shi ya sa ruwa ya yi gaggawar tafasa, shi ya sa nake haki. Abu ɗaya ne ya fito ta ƙofa uku. Da na san wannan a ran nan, da yaro ya koma gida da abin gaya wa uwarsa.

Wani abin mamaki kuma, babu ruwa a saman nan. Dutsen yana shanye ruwan sama kamar rairayi, sai can ƙasa yake ɓuɓɓugowa. Abin da muka ɗauko a gora shi ne na sha da na dafuwa, har na yi taimama na yi sallar magariba da lisha, ja-gora yana tsaye daga gefe yana kāre mini iska da bargonsa, shi kuwa Kirista ne. Amma a ɗaya gefen dutsen nan, wajen teku, akwai wani ƙauye, Debunsha, inda ruwan sama yake kai milimita 10,000 a shekara, ninki goma na abin da Kano take samu, har da ɗori. Iskar damina tana tasowa daga teku ɗauke da laima, ta ci karo da dutse, dole ta hau, ta huce, ta zubar da kayanta. Dokar nan ce dai ta ɗazu.

Kada in yi muku ƙarya, ban kai ƙoli ba. Washegari muka kai zango na uku, wajen mita 3,700, kaina yana sarawa, zuciyata tana tashi. Ja-gora ya dube ni ya ce mu juya. Na yi gardama, ya ce dutsen ba ya zuwa ko'ina. Na shanye ruwan gorar roba da ke hannuna, na murɗe murfinta tam, muka gangaro. Abin da ya ƙara mini kunya, a hanya ya gaya mini tun 1973 ake yin tseren hawan dutsen nan, gwanaye su tashi daga cikin gari su taɓa ƙoli su dawo cikin sa'a huɗu da rabi ko biyar, kuma wata mace, Sarah Etonge, ta ci tseren mata sau bakwai. Wannan na ajiye shi ne musamman don masu cewa in an zaɓi dutse 'yan'uwanmu mata ba za su iya ba.

Kafin mu koma Duwala muka biya ta Limbe, wadda ake kira Biktoriya har 1982, inda rairayin bakin teku baƙi ne wuluk. Gaba kaɗan, a Bakingili, muka ga inda narkakken dutse ya malalo a aman 1999, ya cinye gonakin kwakwa ya datse hanya, ya daskare ya zama tudu. Dutsen ya yi amai a 1909, da 1922, da 1954, da 1959, da 1982, da 1999, da 2000, mutane kuwa suna nan gindinsa suna noma. Wanda ya ga baƙar ƙasar nan ba zai tambayi dalili ba.

Yanzu sharaɗin kawu na uku. Kada wani ya karanta wannan ya ce na ce a kwashi ɗalibai a kai Buea. Ban ce ba, kuma kawu ya fi ni gaskiya. Tun 1961 mutanen yankin nan masu Ingilishi suke kukan an danne su. A ƙarshen 2016 lauyoyi da malaman makaranta suka yi yajin aiki, kafin shekara ta zagayo abin ya zama yaƙi tsakanin sojan gwamnati da 'yan a-ware. Aka mai da Litinin ranar zaman gida dole, aka mai da makaranta abin faɗa. Makarantu da yawa sun yi shekaru a rufe, kuma ranar 24 ga Oktoba 2020 'yan bindiga suka shiga wata makaranta a Kumba suka kashe yara bakwai a aji. Dubban mutane sun gudo cikin Jihar Kuros Riba. Mun wuce shingen soja ban san iyaka ba, kowane sai ka sauka ka nuna takarda. Na tambayi ja-gora ko 'ya'yansa suna karatu, ya ce biyu ya tura su Duwala wurin ƙanwarsa, suna koyo da Faransancin da ba su iya ba. Mu da muke shirin zama malamai, ya kamata mu san akwai inda riƙe alli yake bukatar ƙarfin zuciya, kuma ba can kaɗai ba, gama mu ma a ƙasarmu mun ga an kwashe yara daga makaranta.

Amma jerin duwatsun nan bai tsaya a Kamaru ba. Ya taso daga cikin teku, ya ratsa tsibirin Biyoko, ya bi ta Dutsen Kamaru da tuddan Bamenda, gefensa ya shigo mana. Obudu a Kuros Riba ta haura mita 1,500. Mambila a Taraba haka, har ana noman ganyen shayi, kuma a iyakar Taraba ɗin ne Chappal Waddi yake, mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya. Ga Jos da duwatsun Shere. Ko Idanre ta Ondo, mai matakala fiye da 600, ta fi zama cikin mota a gadar Ikko, ko da yake ba ta da tsawon da za a ji sanyi sosai. Ba fasfo, ba canjin kuɗi.

Na san abin da za a ce. Za a ce kuɗi. To, a lissafa kuɗin masauki da abinci na kwana uku a Ikko, a gwada da na Obudu, a karanta mana a taron, in na faɗi na yarda. Za a ce cikinmu akwai 'yan ƙauye da ba su taɓa ganin jirgin ruwa ko masaƙa ba, su ma ganin nan ilmi ne. Wannan magana ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Amma birni yana jan mutum da kansa. Ko wane ɗayanmu, ko ba jima ko ba daɗe, neman aiki ko biki ko asibiti zai kai shi Ikko ko Abuja. Dutse kuwa ba mai zuwa sai da niyya, in kwaleji ba ta kai mu ba, yawancinmu har mu yi ritaya ba za mu je ba, kuma shekara talatin za mu yi muna koyar da shi. Za a ce kuma ai duk ana gani a waya. Na kalli hotunan dutsen nan a intanet kafin in tafi, sun fi abin da idona ya gani kyau ma. Amma hoto bai toshe mini kunne ba, bai hana shinkafata nuna ba, bai sa ni haki ba, kuma waɗannan su ne darasin.

Ga malamanmu kuma ina da ƙaramin roƙo. Takardar da ake auna mu da ita a gwajin koyarwa tana da gurbin tsabtar allo, da gurbin murya, da gurbin riƙon aji. A ƙara gurbi ɗaya: yaro ya yi tambaya, me malam ya yi da ita? Da akwai wannan gurbi, da na faɗi a ran nan, kuma da ya fi mini.

Gorar nan da na murɗe a zango na uku, ko da muka iso Duwala ta lanƙwashe ta shige ciki kamar an taka ta, ba wanda ya taɓa ta, iskar ƙasa ce ta matse ta. Ban buɗe ta ba har yanzu. Tana kan tagar ɗakina tare da wani baƙin dutse mai ramuka da na tsinto a Bakingili, duk mai so ya zo ya gani kafin ranar taro. Ranar Juma'a mai zuwa kuwa na roƙi hedimasta izini zan kai su makarantar nan. An ce mini yaron yana aji shida yanzu.